Laifina Ne, In Ji Babban Manaja

Idan ana maganar shugabanni masu sanin ya kamata, to a ja da baya a ba Babban Manajan kamfanin sabulu hanya ya wuce. Mutum ne tsaf-tsaf, fes da shi. Ƙamshin turarensa yakan riga shi shiga ofis, in ya fita kuma ya bar shi a baya yana gadin kujera. Tun da aka ɗora shi a kan kamfanin nan ba a taɓa jin ya yi kuskure ba, ko na tuntuɓen harshe. Ba wai ba a ɓarna a kamfanin ba. Ana yi, har da ta gayya. Sai dai Allah ya hore wa bawan nan nasa wata baiwa: duk ɓarnar da ta taso, kafin ta hau bene ta iso ofishinsa, ta riga ta sami mai ita a ƙasa. Saboda haka ne ma'aikata suka laƙaba masa suna Wankakke. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa shi a jikin kofin shayinsa.

Ranar da ya yi baya da mota ya tuge ƙofar kamfani, mai gadi aka kira ya yi bayanin abin da ƙofar take yi a wurin. Ranar da ya karanta jawabin bara a taron bana, tun daga gaisuwa har godiya, Sakatariya ce ta sha faɗa don ba ta yi tari ta ankarar da shi ba. A gida ma haka abin yake. Wata rana ya dawo daga aiki ya faɗa kan kujerar falo, sai aka ji ƙas, tabarau ɗin matarsa ya rabu biyu a ƙarƙashinsa. Bai ko ɗaga ba. Daga zaune ya tambaya wane marar lissafi ne yake ajiye tabarau a wurin zaman mutane. Matar ta sa zare ta ɗaure tabarau ɗinta, ta ci gaba da sa shi a karkace, ba ta sake ta da zancen ba.

To, akwai mutum guda a duniya da Wankakke yake shakka, ita ce Uwar Kamfani. 'Yar tsohuwa ce 'yar firit, mai dogara sanda, matar marigayin da ya kafa kamfanin, kuma mafi yawan hannun jari a hannunta yake. Ita take ɗora manaja, ita take sauke shi. Ga shi wa'adin Wankakke ya zo gangara, sai ta ce a ci gaba za a ci gaba.

Wata safiya sai ga ta ta hawo bene tana nishi, a bayanta wata mace mai siririn gilashi da jaka a kafaɗa. Ta ce wannan baiwar Allah daga wata cibiya take, inda ake auna shugabannin kamfanoni ta bakinsu. Ba ruwansu da girman ofis ko tsadar takalmi. Magana kawai suke saurara, su gane wane ne mai ɗaukar nauyin abin da aka damƙa masa, wane ne mai sulalewa. Kafin azahar ma'aikata sun riga sun sa mata suna Mai Awo.

Mai Awo ta ciro wata na'ura da ba ta fi sandar sabulu girma ba, mai 'yar fitila a ka, ta ajiye a kan tebur. Ta ce in maganar shugaba ta nuna ɗaukar alhaki, fitilar za ta yi kore. In ta nuna zamewa, za ta yi ja. Wankakke ya yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda ya zo gwada tsayin bene da taku. Ya gyara zama ya ce a yi tambaya.

Tambayar ba ta da wuya. Mai Awo ta ce ta ji an kai wani lodin sabulu kasuwa babu ƙamshi ko kaɗan, me ya faru?

“Madalla da wannan tambaya,” in ji Wankakke, yana lilo a kujera. “Ki sani, ni mutum ne mai tsari. Ni na zana hanya, na haska fitila, na nuna alƙibla. Idan aka sami waɗanda hancinsu bai kai matsayin hangen nesana ba, wannan matsala ce ta ƙasa, ba ta sama ba. Mai haɗa sinadari yana nan, direba yana nan, masu sayen ma ya kamata a binciki hancinsu.”

Tun bai rufe baki ba fitila ta yi jajir, na'ura ta kama tsiwa kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Wankakke ya ce lalle batir ne ya yi sanyi. Tsiwar ta ƙaru.

Uwar Kamfani ta dogara sandarta ta miƙe. Ta ce, “Ɗan nan, za ta dawo da abin nan kafin wa'adinka ya cika. In ya yi kore, kujera taka ce. In ya sake yin ja, ka nemi kwali ka zuba kofinka.”

Kai, ranar Wankakke ya ga tashin hankali. Kujerar nan fa ba kujera ba ce kawai. Ita ce mota, ita ce direba, ita ce mutanen da suke miƙewa in ya shigo, ita ce dariyar da ake yi wa barkwancinsa tun kafin ya kai ƙarshe. Ya bi Mai Awo har matakala, ya rage murya, ya tambaye ta sirrin abin. Ta ce babu wani sirri. Shugabannin da suke samun kore abu uku suke yi: su ce laifinsu ne, su ba da haƙuri, sannan su tashi su gyara abin da ya lalace. Na farko ya shiga kunnensa, na biyu ma ya shiga. Lokacin da take faɗin na uku, idonsa ya faɗa kan gilashin taga, ya ga wuyan rigarsa ya ɗan karkace, hankalinsa ya koma can.

Ya dawo ofis ya zauna yana neman laifin da zai amsa. Nan fa ake yin ta. Ya duba rayuwarsa tun daga yarinta, ya juya ta gaba da baya, bai ga ko ɗigo ba. Har tausayin kansa ya kama shi: ga mutum yana son ya tuba, amma tsarkinsa ya hana shi. Yana cikin wannan damuwa Sakatariya ta shigo da shayi, ƙafarta ta harɗe da wayar fanka, shayi ya malale a kan takardun tebur. Ta buɗe baki za ta fara roƙo. Sai wani abu ya faɗo wa Wankakke daga sama.

“Laifina ne,” in ji shi.

Sakatariya ta waiga bayanta ko da wani yake. Da ta tabbatar da ita ake, sai tsoro ya kama ta, don ta ɗauka sabuwar hanyar kora ce, ta fashe da kuka. Wankakke ya ga hawaye, ya ce a ransa ashe haka maganarsa take ratsa zuciya. Ya sake faɗa, a hankali, don ya ji ɗanɗanonta. Wallahi daɗi gare ta. Ba ta ci masa komai ba, ba ta rage masa komai ba, ga shi an bar shi da jin kansa kamar waliyyi. Sakatariya ce dai ta goge teburin.

Sauran yinin a gaban madubin banɗakin ofis ya ƙare shi. Ya gwada da hannu a goshi, ya ga ya yi kama da mai ciwon kai. Ya gwada da hannu biyu a sama, ya ga kamar an tare shi a hanya. Daga ƙarshe ya dace da wadda ta karɓe shi: tafin hannun dama a ƙirji, kai a ɗan langaɓe, ido a lumshe, murya tana rawa kaɗan a ƙarshe. Da ya ga kansa a haka, shi ma sai da ya share ƙwalla.

Daga nan Wankakke ya zama mafaraucin laifi. Yana zagaya kamfani hannu a shirye. Famfo ya tsiyaya, laifinsa ne. Injin yanka sabulu ya tsaya, laifinsa ne. Wata ma'aikaciya ta yi atishawa, kafin a yi mata addu'a ya riga ya ɗauki alhaki. Famfon dai ya ci gaba da tsiyaya, injin ma yana nan a tsaye, amma duk wanda ya wuce ta wurin ya san an ba su haƙuri.

Sai wata rana a kan matakala ya ji abin da ya ɓata masa rai. Akanta ya taka ƙafar Mataimakin Manaja, ya ce masa, yi haƙuri, ban gani ba. Wankakke ya tsaya cak. Laifi sukutum, sabo fil, an ɗauke a gaban idonsa! Nan take ya sa aka tara ma'aikata a tsakar kamfani, ya hau kan wani akwati.

“Ya ku ma'aikatana,” in ji shi, “na lura akwai masu wuce gona da iri. Mutum bai kai ya kawo ba, ba shi da ofis a sama, ba shi da mota, amma ya buɗe baki ya ce laifinsa ne. Da izinin wa? Ɗaukar alhaki aikin shugaba ne, kuma shugaba ɗaya ne a nan. Daga yau, duk laifin da aka yi a cikin katangar nan nawa ne, ni kaɗai. Wanda na sake ji ya ba da haƙuri, ko ya amsa laifi, a bakin aikinsa. Ba na son ƙananan mutane suna taɓa mini kaya.”

Aka shiga kallon-kallo. Can daga baya wani ya fara tafi, sai wuri ya ɗauka. Ba a taɓa yi wa shugaba tafi da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Aka buga dokar aka manna a ƙofar kowane sashe, har da ƙofar banɗaki.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Kowace safiya layi ake yi a ƙofar ofishinsa, kowa riƙe da laifinsa yana washe baki. Masu makara suka daina gudu, suka koma tafiyar ƙasaita, su iso rana ta take, su hau bene a ba su haƙuri. Direba ya ɗauki motar kamfani ya yini yana jigilar fasinja, ya dawo ya kai rahoto, Wankakke ya dafa ƙirji ya ce shi ne bai fahimci ƙishirwar direba ta yin hulɗa da jama'a ba. Mai haɗa sinadari ya zuba launi fiye da kima, sabulun wanki ya fito yana rina kaya, aka ba shi haƙuri har da rakiya zuwa ƙofa. Ran da aka rasa laifi kuwa, Wankakke yini yake yi fuska a murtuke, don haka Mataimaki ya tsara yadda kowane sashe zai riƙa kawo nasa bi da bi, kada Yallaɓai ya kwana da yunwa. Da na kamfani suka yi ƙaranci aka fara shigo da na gida. Wani ya yi faɗa da matarsa a kan kuɗin cefane, Wankakke ya karɓi waya ya ba matar haƙuri da kansa, ya ce shi ne sila. Matar ta ce dama ta daɗe tana zargin akwai mai zuga mijinta.

Labari ya kai gida, ba ta bakin kowa ba sai ta bakin Mai Sito. Shi wannan ƙanin matar Wankakke ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka ba riƙon ɗakin ajiyar kaya don a raba shi da zaman banza, sai ya mayar da zaman banzan cikin sito. Ya shirya katan-katan na garin sabulu ya yi gado, har da matashi. Shi ya zauna a kicin ɗin yayarsa yana ba ta labarin yadda mijinta ya zama rijiyar haƙuri, kowa ya zo ya ɗiba. Ta saurara har ƙarshe. Da maigidan ya zauna cin abincin dare, sai ta cire tabarau ɗin nan mai zare ta ajiye a gaban farantinsa, ta koma ta zauna tana jira.

Wankakke ya dubi tabarau, ya dube ta. Ya ture shi gefe da bayan cokali.

“Maman yara,” in ji shi, “kin san ƙa'idata. Ba na kawo aikin ofis gida.”

Ta ɗauki abinta ta mayar a fuska. Sai dai ta ce ya nuna mata yadda yake yi a can, tun da kowa ya gani ban da ita. Nan fa ya saki cokali, ya miƙe, ya yi mata gwaji a tsakiyar falo: hannu a ƙirji, kai a langaɓe, ido a lumshe. Ya ce ta lura da rawar muryar, a nan gwanintar take. Ta ce ta lura.

Da ranar dawowar Mai Awo ta matso, sai Wankakke ya ga ofis ya yi wa haƙurinsa kaɗan. Haƙuri irin nasa, a ganinsa, ba na ɗaki ba ne, na fili ne, inda ɗaruruwa za su gani su amfana. Ya ba da umarni a gina rumfa a tsakar kamfani, da dandamali, da lasifika, a sa mata suna Rumfar Ɗaukar Alhaki. Kafintoci suka ce babu kwanon rufi. Ya ce ga sabbin kwanuka can jingine a bayan sito. Aka ce ai waɗannan na gyaran rufin siton ne, wanda yake yoyo tun bara. Ya ce sabulu ba ya sauraron jawabi, a kwaso. Aka kwaso, ba su isa ba. Ya tsaya ya ɗaga kai ya ƙare wa rufin sito kallo, wani tsohon rufi mai shuɗin fenti, ya ce a ɓalle rabinsa a cika, bayan taro a mayar.

Mai Sito yana kwance a gadonsa ya ga rana ta faɗo masa a fuska. Wannan ne karo na farko da aka gan shi ya hau bene ba ranar albashi ba. Ya ce, “Yaya, an buɗe mini sito, ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma.”

Wankakke ya ji daɗi ƙwarai, don ranar laifi ya yi ƙaranci. Ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya langaɓe kai. “Laifina ne, ƙanena. Na ɗauki alhaki ɗari bisa ɗari. Ka yi haƙuri.” Mai Sito ya tsaya yana jiran sauran maganar. Da ya ga Yaya ya koma ya zauna yana kurɓar shayi, sai ya sauko, ya ja gadonsa zuwa ɓangaren da yake da sauran rufi, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ranar awo ta zo. Rumfa ta cika maƙil. Uwar Kamfani tana gaba, sanda a tsakanin gwiwoyi, Mai Awo a gefenta, na'ura a kan ɗan tebur kusa da lasifika. Wankakke ya hau dandamali cikin sabuwar kwat, ya yi gyaran murya.

“Mama, manyan baƙi, ma'aikatana abin ƙaunata. Na tsaya a gabanku a matsayin mai laifi. Cunkoson da kuka tarar a hanya, laifina ne. Zafin da ake yi, laifina ne. Sabulun da ya fito babu ƙamshi, ni ne. Wanda ya fito da ƙamshi fiye da kima, shi ma ni ne. Mama, ciwon gwiwar da yake damunki, ban san yadda aka yi ba, amma na ɗauki alhaki. A duk faɗin ƙasar nan babu shugaban da ya kai ni laifi, kuma ina ƙalubalantar duk mai ja ya fito.”

Fitila ta yi kore. Ya ƙara, ta ƙara. Ta yi kore shar har tana haska haɓar Mai Awo, wadda ta cire gilashinta ta goge ta mayar, ta raɗa wa Uwar Kamfani cewa tun da take awo ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ma'aikata suna tafi, masu kuka suna yi, don Mataimaki ya riga ya raba wa kowane sashe aikinsa. Kujera kam ta dawo hannu, saura a ce an gama.

Sai aka ji ɗis a kan kwano. Sai ɗis-ɗis. Kafin a ankara ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Wankakke ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, rumfar nan ko ɗigo ba ta zubarwa, shi da kansa ya zaɓi rufinta. Gaskiya ya faɗa, ko ɗigo. Ya ɗauki alhakin ruwan saman ma, ya ci gaba da jawabi.

Mai gadi ne ya fara gani. Wani farin abu yana turowa ta ƙarƙashin ƙofar sito, a hankali, yana kumbura. Ya leƙo ta tagogi. Ya ɓullo ta saman bango inda babu rufi, ya yi tozo, ya gangaro. Kayan da aka tara na wata da watanni, garin sabulu katan a kan katan, ruwa ya same su a buɗe, ga iska tana kaɗawa. Ƙofar sito ta yi ƙara ta wangale, kumfa ta fito gaba ɗayanta.

Jama'a, kumfa! Ta cinye tsakar kamfani, ta haɗiye motar Wankakke har ba a ganin ko madubi, ta bi ta sabuwar ƙofar da aka sa bayan ya tuge tsohuwar, ta fantsama titi. Motoci suka tsaya suna ta hon. Masu babur suna shiga ta nan baƙaƙe, su fito ta can farare. Wani kare ya faɗa ciki, ya fito tas, har mai shi ya wuce shi bai gane shi ba. Matan unguwa suka fito da bokitai da kayan wanki, suna yi wa kamfani addu'ar alheri. Can sai ga wani dogon abu fari yana tahowa daga sito yana tari, rungume da matashi. Sai da ya share fuska aka gane Mai Sito ne.

Kumfa ta shigo rumfa, ta kai wa na zaune ƙugu. Uwar Kamfani ba ta motsa ba. Ta ɗaga kai a hankali tana kallon rufin da yake kanta, rabi sabo yana ƙyalli, rabi mai shuɗin fenti. Fentin nan ta san shi. Marigayi mijinta ne ya hau tsani ya shafa shi da hannunsa, tana riƙe masa da gwangwani, shekarar da suka buɗe kamfanin.

Ta ce, “Wa ya ce a cire rufin sito?”

Ko mutum ɗaya bai tsorata ba. Ma'aikata suka juya ga dandamali suna murmushi, wasu har sun ɗaga hannu za su tafa. Ga laifi ya samu, ƙato, mai rai da lafiya, irin wanda Yallaɓai yake kwana yana mafarki. Hannun Wankakke na dama ya tashi da kansa, don ya saba, ya nufi ƙirji. Kai ya fara langaɓewa.

Sai hannun ya tsaya a hanya. Wankakke ya ji wani abu da bai taɓa ji ba. Duk laifuffukan da ya yi ta kwasa, marasa nauyi ne, don na mutane ne. Wannan kuwa da ya taɓa shi sai ya ji shi da nauyi kamar buhun siminti, ga shi da sunansa a jiki. Kalmomi biyun nan da yake furtawa ko a cikin barci suka maƙale, suka ƙi gaba suka ƙi baya.

Tsohuwa ta gani sarai. Ta yi magana a hankali, ba faɗa. “Ɗan nan, rufi ana saye, sabulu ana yin wani. Ka faɗa sau ɗaya, a kan wannan kaɗai, ka ce gobe za ka mayar mini da rufina. Kujerarka tana nan.”

Wankakke ya dubi hannunsa da yake rataye a iska. Yatsu huɗu suka lanƙwashe, manuniya ta miƙe, hannu ya juya a hankali ya bar ƙirji, ya nuna mutumin da yake rungume da matashi.

“Mai Sito ne. Sito a hannunsa yake. Yana kwance aka yaye rufi a kansa, bai hana ba.”

Mai Sito ya tofar da kumfa. “Wallahi Yaya da zan ɗauka, ko don zumunci. Amma ka ce wanda ya amsa laifi a bakin aikinsa, ni kuma ina son aikina.”

Yatsa ya koma kan kafintoci. Suka ce su ƙananan mutane ne, ba sa taɓa kayan manya. Ya koma kan Mataimaki, Mataimaki ya nuna takardar dokar da take manne a jikin ginshiƙin rumfar, ya ce shi mai biyayya ne. Daga nan Wankakke ya saki layi. Ya ce mai haɗa sinadari ne ya yi sabulu mai kumfa fiye da ƙa'ida. Ya ce masu hasashen yanayi ba su aiko masa da takarda ba. Ya ce mai gadi ya ga hadari bai rufe ƙofa ba. Ya ce in ma an bi diddigi, wanda ya gina siton tun farko shi ya sa shi a inda ruwa yake sauka. Wannan ta ƙarshe, sai da ta fita ya tuna wanda ya gina siton.

Na'ura kuwa tun a kan Mai Sito ta koma ja. Yanzu ihu take yi ba tsiwa ba, tana rawa a kan tebur, har Mai Awo ta ji tausayinta ta zare mata batir.

Uwar Kamfani ta dogara sanda ta miƙe, kumfa har ƙirjinta. Ta ce a kawo wa ɗan nan kwali. Aka bazama nema, aka dawo aka ce duk kwalayen kamfani sun jiƙe. Haka Wankakke ya sauko daga bene da kofinsa a hannu. Motar tana ƙarƙashin kumfa, kuma dama ta kamfani ce. Ya bi titi a ƙafa, matan da suke wanki suna yi masa sannu da ƙoƙari.

Ya isa gida jiƙe sharkaf, takalmi yana kuka, cikinsa ya fi takalmin. Matar tana zaune a falo tana kallon talabijin ta cikin tabarau mai zare, ƙaninta ya riga ya bugo mata waya. Wankakke ya zube a kujera, ya fara zayyana mata yadda aka haɗa baki aka ci amanarsa, da ƙaninta, da kafintoci, da hadari. Da ya gaji ya ce a kawo abinci, tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Ta ce ba a yi girki ba. Ya zaro ido ya ce kamar yaya ba a yi girki ba, a gidan da yake da mace?

Ta rage ƙarar talabijin. Ta miƙe tsaye a tsakiyar falo, ta ɗora tafin hannun dama a ƙirji, ta langaɓe kai, ta lumshe ido.

“Laifina ne, Baban yara. Na ɗauki alhaki ɗari bisa ɗari. Ka yi haƙuri.”

Har rawar muryar ta kawo, daidai inda ya koya mata. Ta koma ta zauna, ta ƙaro ƙarar talabijin.

Wankakke ya gyara zama, riƙe da kofinsa, yana kallon ƙofar kicin, yana jiran abin da zai biyo baya.